Hayaniya da shiru: sharhi a kan hanyar laluben saƙo cikin na'urorin taimakon magana

1. Gabatarwa

Mai lafiyar baki yakan furta kalma 150 zuwa 200 cikin minti guda idan yana hira. Wanda cuta ta hana wa magana, har ya koma yana harhaɗa baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya a kan na'ura don ta faɗa a madadinsa, da wuya ya wuce kalma 10 zuwa 15, da yawa ma ba su kai nan ba. Stephen Hawking, masanin kimiyya na Jami'ar Kambirij, wanda ya rasa muryarsa a 1985 bayan an yi masa aiki a maƙogwaro, wajen kalma 15 yake samu a minti lokacin da hannunsa ke iya danna maɓalli. Jean-Dominique Bauby kuwa, ɗan jaridar Faransa, da ƙiftawar idon hagu ya shibta littafinsa wanda ya fito a 1997, ana karanto masa baƙaƙe bisa yawan aukuwarsu a Faransanci yana tsai da mai karantawa. Wannan sauri ya isa a rubuta littafi. A hira bai isa ba, domin kafin mutum ya gama haɗa amsarsa an riga an wuce zuwa wani zance, ko kuma wani ya amsa a madadinsa.

Saboda wannan tazara ne masu ƙera irin waɗannan na'urori suka koma ga wata dabara: a rubuta jimloli tun kafin lokacin hira, a ajiye su cikin na'ura, in bukata ta zo a kirawo su. Dabarar na da kyau muddin jimlolin ba su da yawa. Da zarar sun kai ɗaruruwa sai wata matsala ta taso, wato yadda za a gano wadda ake so cikin ƴan daƙiƙoƙi. A cikin shekarun 1990 wasu masu bincike na Jami'ar Dundi ta ƙasar Sikotlan suka aro hanyar da ma'aikatan ɗakunan karatu ke bi wajen laluben takardu, suka ɗora ta a kan wannan matsala. Aron nan ne muke son mu auna a wannan ƴar takarda. Ra'ayinmu shi ne ya warware rabin matsalar, amma ya shigo da ma'aunin da bai dace da hira ba.

2. Abin da aka tarar da abin da aka kawo

Kafin wannan aiki hanyoyi biyu aka fi sani. Ta farko, a ba kowane saƙo lamba ko taƙaitattun baƙaƙe, mai na'urar ya haddace. Tsarin Minspeak, wanda Bruce Baker ya fito da shi a 1982, ya sauƙaƙa haddar ta hanyar jera ƴan hotuna masu ma'ana fiye da ɗaya, amma har yanzu hadda ce. Ta biyu, a kasa saƙonni aji-aji, na abinci daban, na iyali daban, na likita daban, mutum ya bi shafi bayan shafi. Dukansu biyu nauyin tsari a kan mai na'urar yake, shi da kowace dannawa ke gajiyar da shi.

A Dundi an gwada rage wannan nauyi ta fuskoki dabam-dabam. Norman Alm da John Arnott da Alan Newell sun bayyana tsarin CHAT a 1992, wanda ya dogara ga cewa hira na da matakan da aka sani: gaisuwa, ƴar taɗi, ainihin zance, shirin rabuwa, sallama. Na'urar kan miƙo abin da ya dace da matakin da ake ciki. Tsarin TALK na John Todman da Alm ya shirya saƙonni bisa fuskoki uku: wa ake magana a kansa (ni ko kai), wane lokaci (da, yanzu, gaba), da kuma wace tambaya ake amsawa (ina, me, yaya, yaushe, wa, don me). Todman ya ba da rahoton wata mai amfani da shi da ta wuce kalma 60 a minti bayan horo.

WordKeys, wanda Stefan Langer da Marianne Hickey suka gabatar a wani taron masana harshe da kwamfuta a Madrid a 1997, ya bi ta wata hanya. Mai na'urar ba ya ba saƙo lamba, ba ya sa shi cikin wani aji. Rubutawa kawai yake yi. Na'urar ce ke ɗaukar kalmomin saƙon, ta mai da kowace ga asalinta, ta shigar da su cikin fihirisa irin ta ƙarshen littafi, inda kowace kalma ke nuna saƙonnin da ta fito a ciki. In lokacin hira ya yi, sai ya buga kalma ɗaya ko biyu, na'urar ta jero masa saƙonnin da suka dace, ya zaɓa.

Da aikin ya tsaya nan da bai fi aikin laburare ba. Abin da ya ƙara masa daraja shi ne lura da cewa mutum ba ya tuna ainihin kalmar da ya rubuta wata uku da suka wuce. Tun 1987 Furnas da Landauer da Gomez da Dumais suka nuna cewa in aka ce mutum biyu su raɗa wa abu ɗaya suna, ba su cika dacewa a kan kalma ɗaya ba ko da sau ɗaya cikin biyar. Mutum guda ma, tsakanin jiyansa da yau, kusan mutum biyu ne ta wannan fanni. Don haka Langer da Hickey suka haɗa fihirisar da ƙamus na dangantakar ma'ana wanda suka tsamo daga WordNet, aikin da George Miller ya fara a Jami'ar Firinston a 1985. Da shi kalma kan jawo takwarorinta masu ma'ana ɗaya, da kuma na sama da ita da na ƙasa. Tsarin na Turanci ne, amma bari mu ba da misali da Hausa don sauƙin fahimta: wanda ya ajiye "Ba na son mangwaro da dare" zai iya samun saƙon ko da "ƴaƴan itace" ya buga.

Ya kamata a yaba wannan zaɓi, domin ba bin yayi aka yi ba. A 1994 Ellen Voorhees ta gwada faɗaɗa tambaya da WordNet a kan manyan tarin takardu, ta ga ba ya ƙara kome idan tambayar doguwa ce, sai dai yana iya taimakon gajera. To, tambayar mai na'urar magana gajera ce tilas, saƙonsa ma gajere ne. Lissafin da aka saba yi tun aikin Karen Spärck Jones na 1972 da na Gerard Salton, inda ake auna nauyin kalma da yawan maimaituwarta cikin takarda da ƙarancinta cikin sauran takardu, rabinsa ya faɗi a nan, tunda cikin jimla mai kalma takwas kowace kalma sau ɗaya ta zo. In babu gadar ma'ana, mafi yawan lokaci na'urar ba za ta miƙo kome ba.

3. Inda ma'aunin ya saɓa

Ma'aikatan adana takardu masu aiki da Faransanci suna da sunaye biyu ga kurakuran laluben rubutu. Idan aka fito da abin da ba a nema ba sukan ce bruit, wato hayaniya. Idan abin da ake nema yana nan amma bai fito ba sukan ce silence, wato shiru. Rage ɗaya yakan ƙara ɗayan. Faɗaɗa tambaya da ƙamus na ma'ana yaƙi ne da shiru, kuma ana iya fahimtar dalilin da ya sa mai aiki da marasa magana zai fi tsoron shiru. Tambayar ita ce nawa hayaniya ke ci a wannan wuri.

A ɗakin karatu ba ta cin kome sai lokaci. Ɗalibin da ya nemi takarda a kan noman gero aka ba shi ta dawa zai duba, ya ajiye, wataƙila ma ya ƙaru. Bai san abin da ke cikin tarin ba, yana da yini guda, kuma abin da ya samu karantawa zai yi. Mai na'urar magana ya saɓa masa ta kowace fuska. Shi ya rubuta tarin ko aka rubuta masa, yana da daƙiƙoƙi kaɗan, abin da ya zaɓa kuma furta shi za a yi da sunansa, a gaban mutum. Ga tarko a nan: idan jimlar da ta fito ta yi kusa da abin da yake nufi amma ba ita ba ce, ga kuma abokin hira yana jira, ga gyara na cin minti biyu, zuciya za ta raya masa ya tura ta hakanan. Hayaniyar da ɗalibi ke ajiyewa, shi faɗar ta yake yi.

Ba hasashe muke yi ba. A 2003 Jan Bedrosian da Linda Hoag da Kathleen McCoy sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi a Amurka, sun ɗora shi a kan ƙa'idojin hira na Paul Grice na 1975. Sun nuna wa masu jiran kanti 96 hotunan bidiyo na wani mai na'urar magana yana ciniki a kantin littattafai. A wasu, yakan tura saƙon da aka ajiye, ya fito da sauri, amma wani sashensa bai dace da zancen ba. A wasu yakan ɗauki lokaci har saƙon ya dace sarai. Masu kallon sun fi ba na biyun daraja, duk da jinkirin. Wannan bai rushe aikin Todman ba, wanda ya nuna cewa a hirar zumunci sauri na ƙara wa mutum kima a idon abokin hirarsa. Abin da ya nuna shi ne farashin hayaniya ba ɗaya ba ne a ko'ina: mai arha ne a taɗin dare, mai tsada ne a gaban ɗan kasuwa, balle a gaban likita ko alƙali. Ma'aunin da aka aro daga laburare, wato kashi nawa na abin nema ya fito, kashi nawa na abin da ya fito ake nema, bai san wannan bambanci ba. Yana ƙirga batun jimla ne. Abin da jimlar ke aikatawa a hira, roƙo ne, ƙi ne, ba'a ce ko ban haƙuri, ba ya cikin lissafinsa.

Misali mafi muni shi ne korewa. Al'adar laluben rubutu ita ce a zubar da ƙananan kalmomin nahawu kafin a yi fihirisa, don suna ko'ina kuma ba su nuna batu. Duba waɗannan:

(1) Ina jin zafi a ƙirji.
(2) Ba na jin zafi a ƙirji.

Ga fihirisa irin wannan jimlolin biyu abu ɗaya ne: ji, zafi, ƙirji. Za su fito tare, ɗaya bisa ɗaya, sai mai na'urar ya bambanta su da ido, cikin gaggawa, da hannun da ba ya biyayya ko da idon da ya gaji.

Akwai kuma tambayar wa hanyar ta bari a baya. Buga kalmar nema na bukatar abu biyu, iya rubutu da iya tuno kalma. Na farko ya fid da yara da yawa masu shanyewar jiki ta tun haihuwa waɗanda ba su samu karatu ba. Na biyu ya fid da mafi yawan waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta bar su da ruɗewar harshe, wadda likitoci ke kira afaziya, domin ainihin ciwonsu shi ne kalmar tana nan amma ta ƙi zuwa. A ce da irin wannan mutum ya kawo kalma don a nemo masa jimla, an tambaye shi abin da ya rasa ke nan. Mutanen Dundi sun san haka. Annalu Waller da abokan aikinta sun ƙera TalksBac musamman don masu afaziya, inda na'urar ke miƙo zaɓi a kan allo, wani na kusa da majinyacin kuma ke shigar da jimlolin. A gwajin da suka buga a 1998 da mutum huɗu, biyu ne suka amfana a fili. Ashe laluben saƙo da kalma ya fi dacewa da wani rukuni ƙayyadadde: masu karatu, masu lafiyar harshe a ƙwaƙwalwa, waɗanda gaɓoɓi kawai suka ci amana, kamar masu cutar da Faransawa ke kira cutar Charcot, irin ta Hawking.

4. Gwaji da Hausa

Masu bayyana irin wannan tsari kan yi magana kamar hanyar ba ta da harshe, ƙamus kawai za a sauya. Tunda aikinmu a nan nazarin Hausa ne, bari mu ga abin da zai faru in an ɗora ta a kanta.

Mataki na farko shi ne mai da kalma ga asalinta. A Turanci yanke ɗafin ƙarshe kan yi rabin aikin, shi ya sa ƴar dabarar Martin Porter ta 1980 ta daɗe ana amfani da ita. Jam'in Hausa ba ya yankuwa haka: akuya da awaki, ƙarfe da ƙarafa, ɗa da ƴaƴa, sarki da sarakuna. Dole a sami cikakken ƙamus mai haɗa kowane tilo da jam'insa. Wannan aiki ne mai yawa amma mai yiwuwa. Wanda ya fi wuya shi ne aikatau. Tsarin gira-giran aikatau da F. W. Parsons ya bayyana a 1960 ya nuna saiwa ɗaya na ɗaukar ƙarshe iri-iri, ma'ana na juyawa tare da shi. In an haɗa saya da sayi da sayo da saye a ƙarƙashin saiwa ɗaya an yi daidai. In aka haɗa da sayar, an gama mai saye da mai sayarwa. Haka koyi da koyar, haka ci da ciyar. In kuma aka raba su duka, shiru ya dawo.

Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka kalmomin da kunne ke rabawa fihirisa haɗa su take yi: kuka na hawaye da kuka ta miya, fari na launi da fari na rashin ruwa. Abin takaici, kalmomi biyu da majinyaci ya fi bukata suna cikin wannan sahu. Kai na ciwon kai rubutunsa ɗaya da kai wakilin suna da kai na kai yaro makaranta. Ciki na ciwon ciki rubutunsa ɗaya da ciki na a ciki. Wanda ya shirya jerin kalmomin zubarwa ba tare da lura ba zai zubar da su duka biyu. Sai kuma baƙaƙe masu lanƙwasa: mai buga rubutu da maɓalli ɗaya zai so ya tsallake su don rage wahala, kafa ta zama ƙafa, baki ya zama baƙi. Ga kuma ƴ da muke rubutawa a Nijar, wadda a Nijeriya ake rubutawa 'y.

Duk waɗannan ana iya magance su da haƙuri da ƙamus mai kyau. Wadda ba ta magantuwa da ƙamus ita ce wannan:

(3) Ka ba ni ruwa. / Ki ba ni ruwa. / Ku ba ni ruwa. / A ba ni ruwa.

Turanci na da wakilin suna ɗaya ga wanda ake yi wa magana, Faransanci na da biyu, Hausa na rarrabe namiji da mace da jam'i, ga kuma ku na girmamawa da a na sakaya. Jimlar da Baturen Sikotlan zai ajiye sau ɗaya, Bahaushe sai ya ajiye ta sau uku ko huɗu, ko kuma na'urar ta iya juya ta da kanta. Fihirisa ba ta ganin bambancinsu, amma wanda ya ce wa surukarsa "ka" ko ya ce wa mahaifinsa "kai" inda ya kamata ya sakaya, ya san ba ƙaramin kuskure ya yi ba. Wannan ya ƙarfafa abin da muka faɗa a sashe na 3: dacewar jimla ba a batunta kaɗai take ba, tana ga wanda ake fuskanta.

A gefe guda, Hausa ta fi Turanci ba tsarin CHAT gaskiya. Gaisuwarmu doguwa ce, jerinta sananne ne, kuma agogo da kalanda sun isa su nuna ko kwana za a tambaya ko wuni, ko sanyi ko zafi ko damina. A nan babu bukatar kalmar nema ko kaɗan. Wanda ya iya kai gaisuwa har ƙarshenta ba tare da an jira shi ba, an riga an karɓe shi a matsayin abokin hira kafin a shiga zance.

5. Bayan shekaru

Fasahar ta sauya ƙwarai tun 1997. Maimakon ƙamus da aka tsara da hannu, yanzu ana mai da jimla gaba ɗaya ta zama jerin lambobi, a auna kusancin ma'ana da lissafi. Wannan ya rage shiru fiye da yadda WordNet ya taɓa yi, sai dai sanannen rauninsa shi ne jimla da korarriyarta kan zauna kusa da juna, wato matsalar misalai (1) da (2) ba ta gushe ba. Sa'an nan manyan tsare-tsaren harshe sun zo da wata hanya, wato ƙirƙiro jimlar nan take. A 2024 mujallar Nature Communications ta buga aikin SpeakFaster na masu binciken Google, inda mutum ke buga baƙaƙen farko na kalmomi na'urar ta cike sauran bisa zancen da ake yi. Mutum biyu masu cutar Charcot da ke rubutu da ido sun ƙara sauri da kashi 29 zuwa 60 cikin ɗari.

Wannan ci gaba ne ya fito da wata daraja ta tsohuwar hanyar wadda masu ita ba su cika ambata ba. Duk abin da WordKeys ta miƙo, daidai ne ko kuskure, daga tarin mai na'urar ya fito, da salonsa da ba'arsa da irin kalmomin da iyalinsa suka san shi da su. Jimlar da aka ƙirƙiro kuwa tana da santsi, ta kuma fi dacewa da zancen, amma matsakaiciyar maganar mutane da yawa ce. Tarkon da muka ambata, na tura abin da ya yi kusa don gudun jinkiri, ya fi ƙarfi a nan, domin kuskuren ba ya ko nuna kansa. Hanyar da ta fi gamsar da mu ita ce a haɗa biyun da sharaɗi: a lalubo daga abin da mutumin ya taɓa rubutawa, a bar wa tsarin harshe ƙaramin aiki na juya ka zuwa ki, jiya zuwa gobe, a kuma nuna masa a kan allo wane sashe ne nasa, wane ne aka taɓa.

Saura wani abu da ba a cika saka shi cikin gwaje-gwaje ba. Tarin saƙonnin mutum ya ƙunshi abin da ya faɗa wa matarsa, da abin da ya faɗa wa likita, da ƙorafinsa a kan mai jinyarsa. Lokacin da saƙonni ke cikin aji-aji, shi ke zaɓar shafin da zai buɗe. Laluben da ke ratsa tarin duka, ya kuma faɗaɗa da ma'ana, yana iya jero waɗannan a kan allo saboda kalma ɗaya, alhali abokin hira na tsaye a kafaɗarsa yana karantawa, kamar yadda masu hira da irin waɗannan mutane suka saba yi don rashin haƙurin jira. Mai jinyar da aka yi ƙorafi a kansa shi ne sau da yawa yake tsaye a wurin.